Ƙidayar Halittun Ƙasan Teku da Kyamara: Yadda Ake Sa Ido a Kan Tuddan Murjani Masu Nisa da Gaɓa

Kimanin kilomita 160 zuwa 190 daga gaɓar jihohin Texas da Louisiana na Amurka, can cikin Tekun Mekziko, akwai wasu tuddai biyu da suka taso daga ƙasan teku, ana kiransu East da West Flower Garden Banks. Curin gishiri ne da ke binne a ƙarƙashin ƙasa ya tunkuɗo su sama a hankali, har kawunansu suka zo wajen mita 18 daga saman ruwa. A wannan zurfin hasken rana yana kaiwa, don haka murjani ya samu wurin zama ya yaɗu. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu nutso suke zuwa can kusan duk shekara. Aikinsu shi ne su nemo wasu turakun ƙarfe masu lamba da aka kafa a jikin dutsen, su tsayar da kyamara a kan wata sanda mai tsawon da ba ya canjawa, su fuskantar da ita inda aka fuskantar bara, su ɗauki hoto, su wuce turke na gaba.

Hotunan da suke fitowa ba na rataye wa a bango ba ne. Daga sama ake ɗaukarsu, kyamara na kallon ƙasa, babu kifi mai ado a tsakiya, babu komai sai dunƙulen murjani masu launin ƙasa da kore-kore. Amma daga irin waɗannan hotuna ne aka tabbatar cewa murjani mai rai ya rufe wajen rabin saman tuddan nan ko fiye, kuma ya daɗe a haka shekaru da dama. A yankin Karebiyan kuwa, wani nazari da aka wallafa a 2003 ya nuna murjanin ya faɗo daga kusan kashi 50 cikin ɗari zuwa kusan kashi 10 cikin shekaru talatin. Ba wanda zai iya faɗin ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma da ƙarfin gwiwa in da tunanin mutanen da suka nutsa kawai ya dogara.

Murjani dabba ne, ko da yake ya fi kama da dutse ko tsiro. Ƙananan halittu ne masu laushin jiki da ke zaune a jam'i, kowacce tana gina wa kanta ƙoƙo na farar ƙasa, ƙoƙunan su haɗu su zama dutse. A cikin naman jikinsu akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ba a gani da ido, waɗanda ke amfani da hasken rana su samar wa murjanin mafi yawan abincinsa, su ne kuma ke ba shi launi. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba kaiwa a lokacin zafi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe a haka makonni, sai murjanin ya kori ƙwayoyin nan, ya koɗe ya zama fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi. Tuddan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma an ƙiyasta kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nau'o'in halittun teku suna rayuwa a kansu ko kewayensu. Ban da murjanin akwai soson teku, da ciyawar teku, da bushiyar teku, da tauraron teku, da wata gansakuka mai tauri ruwan hoda da ke manne duwatsun wuri guda. Duk waɗannan mazauna ƙasa ne, yawancinsu ba sa motsawa daga inda suke. Wannan ne ya sa hoto ya dace da su: wanda ka ɗauka bara, in yana raye, zai jira ka a nan.

Me ya sa sai hoto? Babban dalili shi ne lokaci. Mai nutso da tukunyar iska a baya ba zai wuce kusan awa ɗaya a zurfin mita 18 ba ba tare da ya shiga haɗarin ciwon da iskar nitirojin ke jawowa idan ta taru a jiki ba. A mita 30 kuwa minti ashirin ne ko kusa da haka. Tudun da ke nesa da gaɓa kuma sai an yi hayar jirgi, a yi tafiyar sa'o'i ko kwanaki, a yi addu'a iska ta kwanta. Wanda ya samu minti arba'in a ƙasa, in ya ce zai tsaya yana tantance kowace halitta yana rubutawa a allo, 'yan mitoci kaɗan zai gama. Da kyamara kuwa zai kwashe ɗaruruwan hotuna, a yi tantancewar daga baya a kan tebur, cikin natsuwa, da littattafai a gefe da abokan aiki da za a tambaya.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a ganina. Abin da mutum ya rubuta a allo amsa ce ga tambayar da ke kansa a ranar. Hoto kuwa ana iya komawa a yi masa wata tambaya bayan shekara ashirin. A 2014 wata cuta mai cinye naman murjani ta ɓulla a Florida, daga baya ta bazu cikin Karebiyan. Duk inda ake da tarin tsofaffin hotuna, ana iya buɗe su a duba ko akwai alamarta tun da, da kuma nau'o'in da suke wurin kafin ta zo. Wanda ya ɗauki hotunan bai san da wannan cutar ba, amma ya bar shaidar da ake bukata.

Tarihin abin bai da tsawo sosai. Wani Bafaranshe masanin halittu, Louis Boutan, ya ɗauki hotuna a ƙarƙashin ruwa a Banyuls-sur-Mer a 1893, da akwati mai nauyin gaske. Hoton kala na farko na ƙarƙashin ruwa an ɗauke shi a 1926 a Dry Tortugas, kusa da Florida, inda William Longley da Charles Martin suka riƙa kunna garin magniziyam a kan wani kwale-kwale a saman ruwa don su samu haske. Bayan Jacques Cousteau da Émile Gagnan sun ƙera na'urar shaƙar iska ta masu nutso a 1943 sai hanya ta buɗe. Wanda ya nuna amfanin komawa wuri ɗaya shi ne Joseph Connell, da ya kafa 'yan filaye masu murabba'in mita ɗaya a tsibirin Heron na Ostireliya a 1962, ya yi ta ɗaukar hotonsu shekaru da dama, yana bin kowane murjani daga tsirowarsa zuwa mutuwarsa.

Ruwa ba ya son kyamara. Yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya: ja ne ke fara ɓacewa tun a mitoci kaɗan na farko, sai ruwan lemo, sai rawaya, har komai ya koma shuɗi-shuɗi. Soson teku da yake ja wur a gaban fitila, ba fitila zai fito baƙi-baƙi, a ɗauke shi wani abu daban. Dole a zo da haske. To amma ruwan cike yake da ƙurar laka da ƙananan halittu, in aka sa fitilar daf da idon kyamara sai hasken ya dawo daga jikinsu, hoton ya fito da ɗigo-ɗigon fari ko'ina. Shi ya sa ake miƙa fitilun gefe da gefe a kan dogayen hannuwa. Sannan gilashin akwatin kyamarar, in shimfiɗaɗɗe ne, yana sa abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya bisa uku. Saboda haka ba a yarda da ido wajen awo. Ko dai a sa firam mai kusurwa huɗu wanda aka san faɗinsa a cikin hoton, ko a haska ɗigo biyu na hasken leza masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, galibi tazarar santimita 10, ta yadda duk inda suka sauka an san tsakaninsu.

Daga nan sai tambayar da masu wannan aiki suka daɗe suna ja-in-ja a kai: a riƙa komawa wuri ɗaya ne, ko a riƙa zaɓen sabon wuri da ka kowace shekara? Turke kafaffe yana nuna sauyi ƙarara. Ka jera hoton 2005 da na 2006 da na 2007, ka ga wancan dunƙulen ya koɗe, ya farfaɗo, gefensa ɗaya ya mutu, ciyawa ta hau. Matsalarsa ita ce wanda ya kafa turken tun farko mutum ne, kuma mutum yakan kafa a inda ya ga murjani ya yi kyau. Wurin da ya fara da cika maƙil ba shi da inda zai je sai ƙasa, sai a ga kamar tudun duka yana lalacewa alhali zaɓen farko ne ya karkata. Layin awo da aka jefa da ka ba shi da wannan son zuciya, yana wakiltar tudun gaba ɗaya, sai dai bambancin da ke tsakanin wuri da wuri yakan rufe ƙaramin sauyi, har sai an yi layuka da yawa. Shirye-shiryen da suka san abin da suke yi suna haɗa biyun. A Flower Garden Banks haka ake yi.

Cibiyar nazarin teku ta Ostireliya, AIMS, wadda ke kusa da Townsville, ita ce ke da ɗaya daga cikin shirye-shirye mafi daɗewa, a kan Great Barrier Reef mai tsawon kusan kilomita 2,300 da tuddai wajen 2,900. Tun 1985 suke jan mai ninƙaya a bayan ƙaramin jirgi yana riƙe da allo, duk minti biyu a tsaya ya ƙiyasta abin da ya gani. Wannan na kewaye tudu da sauri ne. Don aiki mai zurfi kuma, a tuddan da aka zaɓa akwai wurare uku, kowane wuri da layuka biyar masu tsawon mita 50, a zurfin mita 6 zuwa 9, an kafa musu turaku. Mai kyamara yana bin tef ɗin awo yana ɗaukar hoto kusan kowace mita.

Abin da ke faruwa bayan an fito daga ruwa shi ne ainihin aikin, kuma shi ne wanda ba a nunawa a talabijin. Mutum ya zauna gaban kwamfuta, hoto ya buɗe, manhaja ta ɗora ɗigo biyar a kansa. Ba a tambayarsa me ya gani a hoton. Tambayar ita ce: mene ne a ƙarƙashin wannan ɗigon? Na farko ya sauka a kan murjani mai rassa, ya danna lambarsa. Na biyu a kan yashi. Na uku ya sauka daidai bakin wani murjani, rabi nama mai rai, rabi mataccen dutse da gansakuka ta fara rufewa, sai ya ƙara girman hoton ya ƙura ido, ya yanke hukunci. Na huɗu ya faɗa cikin inuwa. Hoto arba'in a kowane layi, ɗigo biyar-biyar, ɗigo 200 ke nan. Layi goma sha biyar, ɗigo 3,000 a tudu ɗaya. In a ce 46 daga cikin 200 sun sauka a kan murjani mai rai, sai a rubuta kashi 23 cikin ɗari. Duk wani kanun labari da ka taɓa gani cewa murjani ya ragu ko ya ƙaru da kaza, daga irin wannan zama ko daga allon wancan mai ninƙaya ya fito.

Mutum biyu za su iya kallon ɗigo ɗaya su saɓa, musamman a kan gansakuka, inda iyakar da ke tsakanin gajeriya mai kama da gashi da doguwar ciyawa ba ta da tabbas. Don haka ake tara masu tantancewa lokaci-lokaci a ba su hotuna iri ɗaya a ga inda suka rabu. Manhajar CPCe da aka fitar a 2006 ta sauƙaƙa ɗora ɗigo da lissafi, amma danna kowane ɗigo yana nan a wuyan mutum, kuma hotuna suka riƙa taruwa fiye da yadda ake iya duba su. Shirin Catlin Seaview Survey da ya fara a 2012, da kyamara mai ɗaukar kowane ɓangare a kan babur ɗin ƙarƙashin ruwa, yana ɗaukar hoto duk daƙiƙa uku a tafiyar kusan kilomita biyu, ya tara hotunan da babu tawagar da za ta gama da hannu.

Nan ƙirƙirarriyar basira ta shigo. CoralNet na Jami'ar California da ke San Diego, da ReefCloud na AIMS, suna koyo daga ɗigon da mutane suka riga suka tantance, sannan su ci gaba da sauran. A kan manyan rukunai, wato murjani ne ko yashi ko ciyawa, suna kusantar ƙwararren mutum, kuma aikin watanni ya koma na sa'o'i. Inda suke tuntuɓe shi ne nau'in da ba kasafai ake gani ba, domin ba su ga misalinsa da yawa ba, da kuma sabon wuri mai ruwa da haske daban da inda aka horar da su. Abin lura kuma, na'urar tana gadon kuskuren malamanta. In waɗanda suka koya mata sun saba kiran wani soso da sunan da ba nasa ba, za ta maimaita kuskuren sau miliyan ba tare da ta yi shakka ba.

A zurfin da ya wuce mita 30 ko 40, mai nutso na yau da kullum ya fita daga lissafi, alhali tuddan ba su ƙare ba. Akwai murjanin da ke rayuwa a hasken dushi-dushi har wajen mita 150, akwai kuma na ruwan sanyi da ba ya bukatar rana ko kaɗan, kamar tudun Røst da aka gano a gaɓar Norwe a 2002, a zurfin mita 300 zuwa 400. A nan sai na'ura: ko kyamarar da jirgi ke ja, ko wadda ake tuƙawa daga jirgi ta igiyar waya, ko mai tafiya da kanta. Jami'ar Sydney ta yi amfani da irin ta ƙarshen, mai suna Sirius, wadda ke shawagi kamar mita biyu a saman ƙasa da kyamarori biyu, tana kai da komo a kan fili ɗaya, bayan shekara ɗaya ko biyu a mayar da ita. Komawar ba wasa ba ce, domin GPS ba ya aiki a ƙarƙashin ruwa. Da sauti da na'urorin auna motsi ake lalubo wurin. A Darwin Mounds, arewa maso yammacin Scotland, a zurfin kusan mita 1,000, hotuna sun nuna sawun tarun da ake ja a ƙasan teku ya ratsa murjani ya farfasa shi, kuma Tarayyar Turai ta hana irin wannan kamun kifi a wurin a 2003.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin wannan hanya, a wurina, shi ne na malalar man Deepwater Horizon a 2010, lokacin da wata rijiyar mai ta fashe a ƙasan Tekun Mekziko. A watan Nuwamba na shekarar, tawagar da Charles Fisher na Jami'ar Penn State ke jagoranta ta tarar da wasu murjani masu kama da bishiya a zurfin kusan mita 1,370, kilomita 11 daga rijiyar, wani abu mai launin ƙasa ya lulluɓe rassansu. Suka ba kowanne lamba, suka riƙa komawa shekara bayan shekara suna ɗaukarsa daga kusurwa ɗaya. A kan kwamfuta ake bin hoton reshe-reshe: wannan lafiyayye, wannan ya mutu, wannan wasu ƙananan halittu sun mamaye shi, wancan da ke nan bara ya karye ya faɗi. Irin wannan murjani yana iya rayuwa ɗaruruwan shekaru, girmansa kuma a hankali ne ƙwarai, don haka hoto ɗaya ba zai gaya maka ko yana farfaɗowa ko yana mutuwa ba. Jerin hotunan ne ya nuna waɗanda suka ɗan taɓu suna warkewa, waɗanda suka ji jiki sosai kuma rassansu na ci gaba da zubewa shekaru bayan an toshe rijiyar.

Sabon abin da ya shigo cikin shekarun nan shi ne haɗa dubban hotuna masu hawa kan juna a kwamfuta, a fitar da siffar tudun mai tsawo da faɗi da zurfi. Cibiyar nazarin teku ta Scripps da ke Amurka tana yin haka a filaye masu mita 10 a kowane gefe a tsibirai da dama. Amfaninsa shi ne ana auna ramuka da lunguna, waɗanda su ne mafakar kifi, ana kuma auna girman murjani ɗaya-ɗaya. Dunƙulallen murjani yana ƙara kamar santimita ɗaya a shekara, mai rassa yana iya yin goma ko fiye.

Wannan bambancin girma shi ne ke kai mu ga raunin alƙalamin da kowa ke ambato, wato kason da murjani ya rufe. A 2012 masanan AIMS suka wallafa cewa murjanin Great Barrier Reef ya faɗo daga kashi 28 zuwa kashi 13.8 tsakanin 1985 da 2012, suka ɗora kashi 48 na asarar a kan mahaukaciyar guguwa, 42 a kan tauraron teku mai ƙaya da ke cin murjani, 10 a kan koɗewa. Bayan shekara goma, a 2022, cibiyar ta ba da rahoton cewa arewaci da tsakiyar tudun sun kai matsayin da ba a taɓa gani ba cikin shekaru 36 na awo. Nan take wasu suka ɗauka suna cewa ashe duk kukan da ake yi ƙarya ne. Alƙaluman biyu gaskiya ne. Sai dai mafi yawan ƙaruwar daga murjani mai rassa ne na dangin Acropora, mai saurin girma, wanda kuma shi ne farkon karyewa in guguwa ta zo, farkon koɗewa in ruwa ya yi zafi, kuma shi tauraron mai ƙaya ya fi so. Kamar a sare kurmi ne geza ta tsiro a wurin: daga sama kore ne, amma ba dajin da ba ne. Cibiyar ta faɗi haka a rahoton nata, masu yaɗa kanun ne ba su karanta har can ba. A 2024 aka sake samun koɗewa mai faɗi a tudun, bayan na 2016, 2017, 2020 da 2022.

Akwai kuma abin da kyamara mai kallon ƙasa ba ta gani sam. Murjani mai faɗi kamar tebur yana rufe duk abin da ke ƙarƙashinsa. Jariran murjani, waɗanda su ne alamar ko tudun zai farfaɗo, sukan maƙale a ƙarƙashin duwatsu, kuma ba su kai girman da za a gane su a hoto ba, sai mai nutso ya leƙa da ido. Ƙaguwa da tsutsotsi da sauran mazauna ramuka, waɗanda su ne mafi yawan nau'o'in da ke tudun, ba sa fitowa a hoton rana. Don su ake ajiye wasu faranti a jere na shekara biyu ko uku, a ɗauko a bincika abin da ya tare a ciki, ko a ɗebi ruwa a nemo ɓurɓushin ƙwayoyin gado. Hoto kuma ba ya faɗin dalili. Ya nuna murjani ya mutu tsakanin ziyara biyu, amma zafi ne, cuta ce, ko ƙarancin iska, sai an haɗa da na'urorin auna zafi da gishiri da aka bari a wurin, da bayanan tauraron ɗan'adam.

Tazarar da ke tsakanin ziyara ita ce babbar kafa a tuddai masu nisa. A watan Yulin 2016, masu nutso na yawon shaƙatawa ne, ba masu bincike ba, suka fara cin karo da ruwa mai duhun kore a wani ɓangare na East Flower Garden Bank, da soso da murjani suna ruɓewa, wani farin abu ya lulluɓe su. Kafin masana su iso da kayan awo, ruwan da ya yi ɓarnar ya riga ya wuce. Binciken da ya biyo baya ya fi karkata ga ƙarancin iskar oksijin. Da babu wanda ya nutsa a makon nan, da sai dai a tarar da matattun duwatsu daga baya a yi ta hasashe.

Nisa da gaɓa yana kare tudu daga laka da takin gona da dattin birane, amma ba ya kare shi daga zafi. Scott Reef, fiye da kilomita 250 daga arewa maso yammacin Ostireliya, ya rasa kashi 70 zuwa 90 na murjaninsa a koɗewar 1998. An zaci ba zai tashi ba, tunda babu tudu kusa da zai aiko masa da 'ya'ya. Sa idon da aka ci gaba da yi ya nuna cikin kimanin shekaru 12 ya dawo kusa da yadda yake, daga 'yan tsirarun da suka tsira, da taimakon kifayen da ke kiwon ciyawa suna share wa jarirai wuri. Sai zafin 2016 ya sake buge shi. Shirin da aka ba kuɗin shekara uku kacal, kamar yadda aka saba ba ayyukan bincike, da ko dai faɗuwar kawai zai gani ko tashin kawai, ya kuma rubuta rahoto a kan rabin labari.

Dogon shiri ma yana da tasa matsalar, domin kayan aiki suna canjawa a ƙarƙashinsa. Waɗanda suka fara da fim sun koma bidiyo, suka koma kyamarar dijital, yanzu ga na'ura mai tantancewa. Sabuwar kyamara mai kaifi tana ganin ƙananan murjanin da tsohuwar ba ta gani, sai alƙalami ya ɗaga ba tare da komai ya canja a teku ba. Maganin da aka sani shi ne a yi amfani da tsohuwar hanya da sabuwar tare a wuri ɗaya na wani lokaci, a auna bambancinsu, kafin a ajiye tsohuwar. Haka nan kowane hoto sai an adana shi da ranarsa, da lambar turkensa, da zurfinsa, da tsawon sandar da aka ɗora kyamarar a kai, in ba haka ba wanda zai buɗe shi a 2050 ba zai san da wane hoto zai gwada shi ba.